Donald Triplett, Yaro Na Farko a Jerin Kanner: Yadda Ake Gane Otizim a Ƙananan Yara

A shekarar 1938 wani lauya a ƙaramin garin Forest na jihar Mississippi a Amurka ya rubuta wasiƙa mai shafi 33 a kan ɗansa, ya aika wa Dakta Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. Sunan yaron Donald Triplett, an haife shi ranar 8 ga Satumba 1933. A watan Oktoba na 1938 aka kai shi gaban Kanner yana da shekara biyar da wata ɗaya. A 1943 Kanner ya wallafa bayanin yara 11 masu alamomi iri ɗaya, maza 8 mata 3, Donald ne na farko a jerin. Daga wannan rubutu ne likitoci suka fara ɗaukar otizim, wato lalurar da ke shafar hulɗar yaro da mutane da sadarwarsa, ta kuma sa shi maimaita abubuwa, a matsayin lalura mai zaman kanta.

A Hausa an fi jin kalmar galahanga, sai dai ta zama buhun da ake zuba komai a ciki: yaron da wahalar haihuwa ta shanye wa jiki, da mai jinkirin fahimta, da wanda bai yi magana da wuri ba. Don kada a gauraya su, otizim za mu riƙa cewa.

Lamarin Donald bai tsufa ba saboda dalili ɗaya. Har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da otizim. Da abu biyu ake gane shi: labarin da masu renon yaro suka bayar dalla-dalla, da abin da ƙwararre ya gani da idonsa. Wasiƙar uban da makonni biyun da aka yi ana lura da yaron su ne gwajin, kuma kayan aikin zamani tsara wannan aikin suka yi, ba su maye gurbinsa ba.

Abin da iyaye suka gani

An haifi Donald a cikakken wata, ya yi tafiya yana da wata 13. Cin abinci ya kasance matsala tun farko. Yana ɗan shekara ɗaya yana bin sautin waƙoƙi da dama ba kuskure. Wajen shekara biyu ya haddace Zabura ta 23 da tambayoyi da amsoshi 25 na littafin koyar da addini na cocinsu, ya san hotunan shugabannin Amurka, yana jero haruffa gaba da baya, yana ƙirga har ɗari.

Duk wanda ya ji wannan zai ce yaro mai baiwa, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Hadda daban, zance daban. Donald yana da kalmomi jibgi, amma ba ya tambaya, ba ya amsa tambaya sai in amsar tana cikin abin da ya haddace. Uban ya lura cewa yaron ya fi jin daɗi in an ƙyale shi shi kaɗai. Ba ya kukan bin uwarsa, ba ya nuna ya san ubansa ya dawo gida, baƙi su shigo su fita bai ɗaga kai ba. Wani bazara iyayen suka ɗauko yaro sa'ansa daga gidan marayu don ya zauna da su, Donald bai taɓa shiga wasa da shi ba.

Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne juya abubuwa. Faranti, murfin tukunya, 'yan katakan wasa, duk abin da zai iya wulwulawa sai ya wulwula shi, ya tsaya yana kallo yana tsalle don murna. Keke mai ƙafa uku kuwa tsoronsa yake ji, haka abin zamiya da aka kafa masa, sai da ya ga ba kowa a wurin sannan ya hau.

A watan Agusta 1937 aka kai shi wani gidan kula da yara na jiha da aka gina don rigakafin tarin fuka, wai ko canjin wuri zai taimaka. Ya yi kusan shekara a can. Ya ƙara ƙiba, bai shiga cikin yara ba, ya kuma ɗauki ɗabi'ar kaɗa kai hagu da dama. Iyayen suka ɗauko shi a 1938.

Abin da aka gani a Baltimore

An ajiye Donald mako biyu a wani gidan nazarin yara, Dakta Eugenia Cameron da Dakta George Frankl suna lura da shi. Bayanan da suka tara kan harshensa su ne mafi daraja a fayil ɗin gaba ɗaya.

Yana maimaita maganar da aka yi masa kamar amsa-kuwwa, da lafazinta da sautinta, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan kwanaki. Daga nan ne juya wakilin suna ya samo asali. In yana son wanka sai ya ce, "Kana son wanka?" In yana son a cire masa takalmi sai ya ce, "Cire takalminka." Ba ruɗewa ya yi tsakanin ni da kai ba. Jimlar ya ɗauka ɗungurungum yadda ya ji ta ranar da aka yi masa wanka, ya ajiye ta a matsayin sunan wannan buƙata.

Kalmar "i" ta fi ban mamaki. Wata rana uban, yana ƙoƙarin koya masa i da a'a, ya ce masa in yana son ya ɗora shi a kafaɗa ya ce i. Donald ya ce i, aka ɗora shi. Daga nan kalmar ta manne da wannan yanayi, ta koma tana nufin "ɗora ni a kafaɗa", aka daɗe kafin ta zama amsa ta kowace tambaya. Kwalaben fentinsa kuma ya raɗa musu sunayen 'yan biyar ɗin nan na Kanada da aka haifa a 1934: Annette shuɗi, Cecile ja, sai ya ce Annette da Cecile suna ba da shunayya. Da aka tambaye shi goma a ɗebe huɗu, ya ce zai zana siffa mai kusurwa shida. Amsar daidai ce, hanyar ce tasa shi kaɗai.

Sai tsare tsari. In ya farka daga barcin rana ba zai sauko ba sai uwarsa ta faɗi wata jimla da ya tsara mata, sannan ta ce "to". In ta tsallake ko kalma ɗaya sai ihu. In yana zura maɓallai a zare, jerin da ubansa ya bi ranar farko shi zai bi kullum.

Ga wani abin lura mai kaifi: in wani ya taka masa katakon wasa, ƙafar yake turewa da fushi, ba ya ɗaga kai ya dubi mai ƙafar. Hannun da ya tare masa hanya ma haka. Yana hulɗa da gaɓar, ba da mutumin ba.

Yara irinsa a wancan zamani, masu taɓin hankali ake kiransu ko dolaye, wasu daga cikin 11 ɗin ma an zaci kurame ne. Takwas sun yi magana, uku ba su yi ba.

Da a yau aka kawo shi

Kundin gano cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, bugu na biyar na 2013, ya tattara alamomin gida biyu. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairu 2022 ya bi kusan wannan tsari.

Gida na farko hulɗa da sadarwa ne, kuma dole a sami duka uku: rauni wajen ba-ni-in-ba-ka na zance da motsin rai, rauni wajen sadarwar da ba ta baki ba, wato kallo, nuni da yanayin fuska, da wahalar ƙulla abota da wasan kwaikwayo da sa'o'i. Gida na biyu maimaici ne da tsare tsari, ana buƙatar aƙalla biyu cikin huɗu: maimaita motsi ko magana, nacewa kan kada a canza komai, ƙwallafa rai a kan abu ɗaya fiye da kima, da jin sauti, taɓi, ɗanɗano ko zafi fiye da sauran yara ko ƙasa da su. Sai an tabbatar alamomin sun faro tun ƙuruciya, suna kawo cikas a rayuwar yau da kullum, kuma jinkirin fahimta kaɗai bai isa ya bayyana su ba. Daga nan a sa mataki na 1, 2 ko 3 gwargwadon taimakon da yaron ke buƙata.

Donald ya cika gida na farko gaba ɗaya, ya kuma cika aƙalla uku a na biyu. Bambancin yau shi ne ba za a jira ya kai biyar ba. Ƙwararre na iya tabbatar da otizim a ɗan shekara biyu.

Alamomin da ke sa a tura yaro bincike ba tare da jinkiri ba su ne: babu gwaranci ko nuni ko ɗaga hannun bankwana a wata 12; babu kalma ko ɗaya a wata 16; ba ya haɗa kalma biyu da kansa, ba maimaitawa ba, a wata 24; ko kuma ya rasa magana ko hulɗar da ya riga ya samu, a kowane shekaru. Wannan koma-baya yakan faru ga wajen kashi ɗaya cikin huɗu na yaran, galibi tsakanin wata 18 da 24. Shi ne yake sa iyaye su ce lafiyarsa ƙalau sai da wani abu ya same shi, sai a ɗora wa allura, ko zazzaɓi, ko iska.

Nuni da yatsa ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan tambaya ke kuskurewa. Nuni iri biyu ne. Akwai na neman abu: yaro ya nuna kofi don yana jin ƙishirwa. Akwai na tarayya: ya ga jirgi a sama, ya nuna, ya juyo ya dubi fuskar uwarsa ya ga ko ta gani. Na biyun ne yake ɓacewa a otizim. In likita ya tambaya "yana nuni?" kawai, za a ce masa i, ya wuce. Tambayar da ta dace ita ce, "Yana nuna miki abu don kawai ki gani, sannan ya dubi fuskarki?" Haka nan yaron da ke kama hannun babba ya ɗora a kan marfin ƙofa ba tare da ya dube shi ba, hannun yake amfani da shi kamar kayan aiki, irin abin da aka gani ga Donald da ƙafar nan.

Matakan bincike

Matakin farko tacewa ce. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a tace kowane yaro a wata 18 da wata 24. Takardar da aka fi amfani da ita M-CHAT-R ce, ta yara masu wata 16 zuwa 30, tambayoyi 20 na i ko a'a. Maki 0 zuwa 2 haɗari kaɗan ne. Maki 3 zuwa 7 sai a yi tambayoyin bibiya, in har makin ya tsaya a 2 ko sama a tura yaron. Maki 8 zuwa 20 a tura shi kai tsaye. Masu cikewa sukan yi kuskure a tambaya ta 2, ta 5 da ta 12, domin a nan "i" ce alamar haɗari, saɓanin sauran. Tacewa ba hukunci ba ce: yara da yawa da suka faɗi ba su da otizim, amma akasarinsu suna da wani jinkirin da ya kamata a duba.

Mataki na biyu gwajin ji ne, kuma ba a tsallake shi ko da uwa ta rantse yaron yana jin motsin ledar biskit daga ɗaki na uku. A ƙasashenmu wannan ya fi muhimmanci, ganin yadda sanƙarau, ƙyanda da shawarar jarirai ke barin yara da kurumta. Ana rarrabewa da ido ma. Kurman yaro yana cin fuskar mutum da kallo, yana nuni, yana jan hankali da hannu da ido, don yana son sadarwa, kunne ne ya hana shi. Mai otizim yakan juya ga ƙarar talabijin, ya ƙi juyawa ga sunansa. Mai jinkirin magana kawai, wasansa da hulɗarsa lafiya lau suke. Mai jinkirin fahimta kuwa komai nasa ya ja baya tare, amma yana hulɗa daidai da matakin da yake.

Mataki na uku tarihi ne da lura. Tattaunawar ADI-R da masu reno tana da tambayoyi 93, tana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Gwajin ADOS-2 wasa ne da aka tsara, minti 40 zuwa 60, inda mai gwaji zai busa kumfar sabulu ya dakata, ko ya kira sunan yaro daga baya, ya ga ko zai dube shi, ya nemi ƙari, ya raba murnarsa da wani. Inda babu waɗannan kayan, ƙwararren likita na iya yanke hukunci da kyakkyawan tarihi da zama fiye da ɗaya. Ɗan gajeren bidiyon waya na yaron a gida yana wasa da yara ya fi bayanin baki amfani.

Abu biyu na al'ada suna iya karkatar da sakamako a wurinmu. Yaron da aka tarbiyyantar ba ya zuba wa babba ido, don haka sunkuyar da kai gaban likita ba hujja ba ce, a duba yadda yake kallon mai renonsa da sa'o'insa. Sannan in ɗan fari ne, uwa na iya yin alkunya, ba ta kiran sunansa, ba ta yawan zancensa, wataƙila ma a hannun kaka ya tashi. A nemi wadda ta rene shi, a kuma kira shi da sunan da ake kiransa da shi a gida.

Bayan an tabbatar, akan yi gwajin ƙwayoyin gado, musamman na Fragile X, wata lalurar gado da ke jawo jinkirin fahimta, a duba fata don farin tabon da ke nuna cutar da ke fito da ƙulli a ƙwaƙwalwa. Gwajin igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa sai in ana zargin farfaɗiya. A tambayi barci, cushewar ciki da zaɓen abinci, domin yaron da ba ya iya cewa cikinsa na ciwo da ihu da dukan kai zai faɗa.

Musabbabi, da kuskuren da ya ci shekaru

Kanner ya kammala rubutunsa na 1943 da cewa da lalurar aka haifi yaran. Amma ya ƙara da cewa iyayen masu ilimi ne, kuma kaɗan ne a cikinsu masu sakin fuska. Bai yi la'akari da cewa a shekarun 1930 sai mai kuɗi da ilimi ne zai ɗauki yaro daga Mississippi zuwa Baltimore ba. Wannan ɗan tsokaci ya girma ya zama zargin cewa sanyin uwa ne ke jawo otizim, Bruno Bettelheim, wani mai nazarin halayyar yara a Amurka, ya yayata shi, aka raba yara da iyayensu a kansa. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da otizim, ya ƙalubalanci zargin a 1964. A 1969 Kanner da kansa ya wanke iyaye a gaban taronsu.

Hujjar da ta rufe bakin zargin ta zo a 1977, lokacin da Susan Folstein da Michael Rutter suka bincika tagwaye 21 a Ingila. A cikin tagwaye 11 na ƙwai ɗaya, 4 duka biyun suna da otizim. A cikin 10 na ƙwai biyu, babu ko ɗaya. Wani babban bincike na 2019 a ƙasashe biyar, mai yara wajen miliyan biyu, ya kiyasta rabon gado da wajen kashi 80 cikin ɗari. Ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne, wasu an gada, wasu sabon canji ne da ya auku a kan yaron. In akwai mai otizim a gida, yiwuwar ƙaninsa ya samu ta kai wajen ɗaya cikin biyar. Maza sun fi mata ninki uku zuwa huɗu, ko da yake 'yan mata sukan ɓoye alamomin ta hanyar kwaikwayon sa'o'insu, a makara wajen gane su.

Abubuwan da ke ƙara haɗari ba tare da sun zama sanadi su kaɗai ba sun haɗa da yawan shekarun uba ko uwa, haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi, rashin iskar numfashi lokacin haihuwa, ƙyandar Jamus a lokacin ciki, da shan maganin farfaɗiya valproate da ciki. Mai shan wannan magani kada ta daina da kanta, ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Allurar rigakafi ba ta cikin jerin. Rahoton likita Andrew Wakefield na 1998 a mujallar Lancet, wanda ya jawo zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda na haddasa otizim, yara 12 kacal ya ƙunsa, an janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa. Binciken Denmark na 2019 a kan yara sama da 650,000 bai sami wata alaƙa ba. Shi kansa Donald an haife shi shekara 30 kafin a samar da allurar ƙyanda a 1963.

Yadda ta kasance da shi

A farkon shekarun 1940 iyayen suka kai Donald wurin wasu ma'aurata manoma, wajen mil goma daga gida. Kanner ya ziyarce su a watan Mayu 1945, abin da ya gani ya burge shi. Ba su yaƙi ɗabi'unsa ba, aiki suka ba su. Yana son awo, suka sa shi haƙa rijiya yana faɗin zurfinta. Yana ƙirga kunyoyin masara ba ƙaƙƙautawa, suka ba shi garma ya riƙa ƙirgawa yana huɗa. Yana tara matattun tsuntsaye da ƙwari, suka ware masa fili ya binne su ya kafa alamomi. Yana kuma zuwa makarantar ƙauyen.

Masu koyar da yara irinsa a yau a kan wannan turba suke: a shiga ta abin da yaro ke so, a mai da shi dalilin kallo, jira da neman taimako. Shirin horar da masu reno na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai zaman rukuni tara da ziyarar gida uku, an tsara shi ne don wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. Babu maganin da ke warkar da otizim. Magungunan risperidone da aripiprazole na rage tsananin fushi da cutar da kai ne kawai, suna kuma sa ƙiba da barci.

Da Kanner ya sake bibiyar yaran a 1971, waɗanda suka shafe rayuwarsu a gidajen mahaukata na gwamnati sun lalace, sun rasa ma abin da suka iya a da. Biyu sun kamu da farfaɗiya. Donald kuwa ya gama kwalejin Millsaps a Jackson a 1958 da digiri a Faransanci, yana aiki a bankin Forest. Kada a manta yana da abin da yawancin yara ba su da shi: ya yi magana da wuri, yana da kaifin ƙwaƙwalwa, bankin na danginsa ne, garin kuma ƙarami ne da kowa ya san shi ya karɓe shi. Ya koyi tuƙi yana da shekara 27, yana wasan golf, yana tafiye-tafiye ƙasashen waje shi kaɗai, yana raba wa mutanen da ya sani lambobi a madadin suna. Ya yi wajen shekara 65 a bankin, ya rasu a gidansa a Forest ranar 15 ga Yuni 2023 yana da shekara 89.